Maɓallin aika fom ya ƙi aiki, burauza tana cewa akwai kuskure a sikirif

Mai Kafe, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta a kan wata matsala da ta hana ni sakat tun farkon makon nan. Ina da ɗan ƙaramin kafe a wajen Ƙofar Ƙaura a cikin Katsina, kwamfutoci uku ne a ciki, kuma yawancin aikinmu cike wa ɗalibai fom ne da buga masu takardu. Wata makarantar gaba da sakandare, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, ta buɗe rajistar sababbin ɗalibai, yara kuwa suka cika mana shago kamar yadda aka saba a irin wannan lokaci.

Kowace kwamfuta da irin nata halin. Wadda nake zama a kanta, ita ce sabuwa a cikinsu, tana aikawa lafiya lau da safe, amma daga la'asar zuwa isha'i sai ta yi ta jira, a ƙarshe ta ce an samu matsala. Ta biyu tana buɗe fom ɗin, mu cike suna da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma, mu ɗora hoto, amma da zarar an danna maɓallin aikawa sai wata 'yar da'ira ta kama juyawa, ba ta tsayawa ko da mutum zai je sallah ya dawo. Ta ukun tsohuwa ce mai Windows 7, ita kam maɓallin ko motsi ba ya yi, kuma idan aka zaɓi jihar Katsina jerin ƙananan hukumomin ba ya fitowa. Da na ga haka sai na bar Chrome na gwada Internet Explorer a kanta, nan take wani akwati ya fito yana cewa "An error has occurred in the script on this page", da lambar layi a ƙasa, yana tambaya ko a ci gaba. Na danna e, na danna a'a, duk ɗaya.

Jiya wata yarinya ta zo daga Mani tare da mahaifinta, sau uku muna cike mata fom ɗin tun daga farko yana zubewa, har dattijon ya ce su tafi kada su rasa motar komawa. Kuɗin da ya biya na maido mashi, amma kunyar ba ta bar ni ba. Yaron shagona ya dage a kan cewa bairos ne, a goge kwamfutocin biyu a sake ɗora masu Windows. Kafin in yarda da wannan, ina so in ji ko mene ne sikirif ɗin da ake magana, kuma laifin daga wajena yake ko daga wajen masu shafin.

Ɗan Layout

Wa alaikumus salam, Yaya. Irin wannan ta sha faruwa da ni, kuma sau da yawa tsofaffin fayilolin da burauza ta adana ne suke karo da sababbin da masu shafi suka ɗora. Ka danna Ctrl da Shift da Delete tare, ka goge abin da ta adana gaba ɗaya, sannan ka sake buɗe shafin da Ctrl da F5 domin ta ɗauko komai sabo. Shi kuma akwatin da ke fitowa a Internet Explorer ana iya kashe shi: ka shiga Internet Options, ɓangaren Advanced, ka cire alamar da ke kan layin da ke cewa a nuna sanarwa a kan kowane kuskuren sikirif. Daga nan ba zai ƙara damun ka ba, in sha Allah.

Injiniya, Daura

Wa alaikumus salam, Malam. Tun farko ina roƙon ka da ka dakatar da yaron nan daga goge kwamfutocin, domin babu abin da ka faɗa da ke nuna bairos, kuma idan aka goge su an goge shaidar da za ta nuna mana inda ciwon yake. Shawarar ƙanena Ɗan Layout ta farko tana da amfani a wurinta, kuma ba ta da tsada, sai dai ka tuna za ta fitar da kai daga duk shafukan da ka shiga da kalmar sirri. Ta biyun ce ban yarda da ita ba. Kashe wannan akwati daidai yake da direban da fitilar baƙin mai ta kama a gabansa, ya ɗauko salatif ya liƙe ta ya ci gaba da tafiya.

Sikirif umarni ne da mai shafi ya rubuta, amma ba a kwamfutarsa yake aiki ba, a burauzarka yake aiki. Kusan dukkansu da harshen JavaScript ake rubuta su, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, kuma ba shi da alaƙa da Java in ban da kamar suna, don haka kada wani ya sa ka sauke Java da sunan gyara. Rubutu da akwatunan da kake gani a fom tamkar takarda ce a kan tebur, sikirif kuwa shi ne magatakardan da ke zaune a bayan teburin. Shi ne idan ka zaɓi Katsina zai ɗauko maka ƙananan hukumominta 34, shi ne zai duba ko ka bar wani gurbi babu komai, shi ne kuma zai tattara abin da ka rubuta ya miƙa wa sabar makarantar, wato babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kanta. Idan ya ci karo da umarnin da burauza ba ta gane ba, ko ya nemi wani abu bai same shi ba, tsayawa yake yi cak a wannan layin, takardar kuwa tana nan a gabanka kamar babu abin da ya faru. Shi ya sa kake ganin fom lafiyayye da mataccen maɓalli.

Game da Internet Explorer, ka fitar da ita daga lissafi. Microsoft ya yi mata ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022, kuma tun kafin nan masu gina shafuka da yawa sun daina gwada aikinsu a kanta. Kuskuren da ta nuna maka gaskiya ne, amma bai gaya mana komai a kan Chrome ba.

Ita Chrome ba ta fito da akwati, tana rubuta kurakuranta ne a wani ɓoyayyen allo. A kowace kwamfuta ka buɗe fom ɗin, ka danna F12, ka zaɓi ɓangaren da aka rubuta Console, sannan ka sake loda shafin, ka duba jajayen layuka. Bayan haka ka cike fom ɗin da kowane irin suna na gwaji, ka danna aikawa, ka ga ko wani sabon jan layi ya ƙaru. Ka kuma leƙa ɓangaren Network a daidai lokacin da ka danna, domin a nan ne za a ga ko wani saƙo ya fita daga kwamfutarka ko bai fita ba, in kuma ya fita, wace lamba sabar ta amsa da ita. Lambar 200 lafiya ce, waɗanda suka fara da 4 suna nufin sabar ta ƙi abin da aka aika mata, waɗanda suka fara da 5 kuma suna nufin ita sabar ce ta gaza. A tsohuwar ka rubuta chrome://version a wurin adireshi ka kwafo mana lambar farko. A ta biyun ka gwada fom ɗin a tagar sirri, wato Ctrl da Shift da N, saboda a cikinta ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza ba sa aiki sai in an ba su izini na musamman.

Da kwamfutar ta ƙi buɗe shafin ne tun farko da na ce ka duba agogonta, domin tsofaffin kwamfutoci idan ɗan batirin cikinsu ya mutu kwanan wata yana komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, burauza kuma ta ƙi amincewa da takardar shaidar shafi. Tunda yana buɗewa, ban ga alamar wannan ba.

Mai Kafe, Ƙofar Ƙaura

Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda ka ce bayan mun rufe shago, na kwafi layukan a takarda harafi bayan harafi saboda ban fahimci ma'anarsu ba.

A tsohuwar, tun kafin in taɓa komai jan layi ya fito: "Uncaught SyntaxError: Unexpected token ." Ɗigon da ke ƙarshe haka yake a rubuce, ba ni na ƙara shi ba. Lambar Chrome ɗin 75 ce. Na tuna wanda ya ɗora mani Windows a kanta ya ce ya kashe sabuntawa domin kada ta riƙa cinye mana data, ni kuma a lokacin har godiya na yi mashi.

A ta biyun layuka biyu ne. Na farko ya ƙare da "net::ERR_BLOCKED_BY_CLIENT", shi ma tun daga buɗewa. Na biyun sai da na danna aikawa ya fito, ya fara da "Uncaught ReferenceError", ya ambaci wani gajeren suna, ya ƙare da "is not defined". A ɓangaren Network babu abin da ya motsa, da'irar dai tana ta juyawa. Da na gwada a tagar sirri kuwa sai fom ɗin ya wuce nan take.

A tawa na jira har bayan magariba na gwada da fom ɗin wani yaro na gaskiya. Saƙon ya fita, ya daɗe yana jira, kusan minti guda, sannan layin ya koma ja da lambar 504.

Malama, Ƙofar Marusa

Malam, fassarar waɗannan layuka na bar wa Injiniya. Ni abin da ya tsaya mani a rai shi ne yarinyar Mani da aka cike wa fom sau uku, domin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, kuma duk shekara ni ake bari da rajistar ɗalibanmu masu fita.

Abin da ya rage mana wahala shi ne rubuta bayanan kowace yarinya a Notepad, ƙaramar manhajar rubutu da ke cikin Windows, tukuna, suna da ranar haihuwa da lambobi da adireshi, a karanta mata ta tabbatar, sannan a riƙa kwafa ana zubawa a fom. Idan shafi ya zube, minti biyu ya isa a maido komai. Wannan yana magance wata matsalar ma da ake ɗauka ta sikirif ce alhali ba ita ba ce: shafuka da yawa suna ba mutum ƙayyadadden lokaci daga sanda ya shiga, idan aka tsaya neman takardar haihuwa a cikin jaka ko kiran wani a gida a tambayi lamba, lokacin ya ƙare ba tare da an sani ba, sai an danna aikawa a ga an koma shafin shiga. Hoto ma a rage girmansa kafin a fara, a bi iyakar da suka rubuta, saboda hoton da aka ɗauka da waya kai tsaye yakan fi ƙarfin abin da sabar ke karɓa, kuma ba kowane shafi ne yake da ladabin faɗin haka ba, wani sai a Network za ka ga lambar 413.

Idan akwai biyan kuɗi a cikin aikin, kada a sake dannawa don an ga da'ira tana juyawa. Na taɓa ganin an cire wa uwar wata ɗalibata kuɗi sau biyu ta wannan hanya, kuma sai da ta yi makonni tana zirga-zirga kafin a maido mata ɗaya. A duba saƙon banki, a fita daga shafin a sake shiga, a ga ko ya nuna an biya.

Ga masu cewa bari su ƙarasa a waya, su guji burauzar Opera Mini a wannan aiki, musamman idan tana kan matsanancin tanadin data. A wannan yanayi shafin yana bi ta kwamfutocin kamfanin ne a matse shi kafin ya iso wayar, sikirif ɗin ma a can ake gudanar da shi na ɗan lokaci kaɗan, don haka fom mai jerin zaɓi da ɗora hoto yakan lalace. Tana da kyau wajen karanta labarai, ban da rajista.

Tunda yanzu kun koyi buɗe Console, ka gargaɗi yaron shagonka da kada ya taɓa liƙa wani rubutu a ciki don wani ya turo mashi a WhatsApp ya ce yana gyara shafi ko yana buɗe sakamako. Duk abin da aka liƙa a nan yana aiki ne da ikon wanda ya shiga shafin, kuma hanya ce sananniya ta satar asusun mutane. Sababbin Chrome ma sai mutum ya rubuta cewa ya yarda kafin su bari a liƙa.

Injiniya, Daura

Malam, ashe cuta uku ce daban-daban ta haɗu a shago ɗaya, kuma babu wadda goge Windows zai warkar, in ban da ta biyun da za ta warke bisa kuskure ta dawo ranar da aka sake maƙala abin da ya jawo ta.

Tsohuwar ba ta jin yaren da ake yi mata ne. Chrome 75 ta 2019 ce, shi kuwa JavaScript ana ƙara masa sababbin ƙa'idoji kowace shekara. A cikin na 2020 akwai wata gajeriyar hanya ta rubuta alamar tambaya da ɗigo a jere, wadda ke nufin a ɗauko abu in yana nan, in babu a wuce ba tare da faɗuwa ba. Chrome ta fara gane ta ne daga lamba 80, a watan Fabrairun 2020. Taka da ta ga alamar tambaya sai ta ɗauka wata tsohuwar ƙa'ida ce, da ta iske ɗigo a bayanta sai ta ce ba ta zaci wannan ba, kuma ma'anar layin da ka kwafo ke nan. Irin wannan kuskure ya fi sauran muni, domin burauza tana karanta fayil ɗin gaba ɗaya kafin ta fara aiki da shi, idan ta ga wuri ɗaya da ba ta gane ba sai ta yi watsi da dukkansa. Shi ya sa jerin ƙananan hukumomi da maɓallin suka mutu tare. Maganin shi ne sabuntawa, amma akwai iyaka: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, Chrome ta ƙarshe da ke hawa kansa ita ce 109 ta farkon 2023, a burauzar Firefox kuma 115 ESR. Kowace daga cikinsu za ta wuce da kai wannan matsala, sai dai su ma a tsaye suke yayin da shafuka ke gaba, don haka ka ɗauke shi a matsayin sayen lokaci. Ka sauke daga shafin kamfanin da kansa, ba daga wuraren da ke tara manhajoji ba. Datar da aka ce ana tanada maka ba ta kai kuɗin da ka maida wa dattijon Mani ba.

Ta biyun, kalmar ƙarshe ta layin farko tana nufin kai, wato burauzarka ce da kanta ta hana wani fayil shigowa, kuma kusan kullum manhajar toshe talla ce ke yin haka. Mafi rinjayen zatona shi ne masu shafin sun sa wani sikirif mai ƙirga baƙi, suka kuma rubuta cewa idan an danna aikawa a fara kunna da'ira, a sanar da mai ƙirgar, sannan a aika fom. Da aka toshe mai ƙirgar, sai aka kira sunansa babu mai amsawa, aiki ya tsaya bayan da'ira ta riga ta kama juyawa, kuma babu wanda ya rage da zai kashe ta. Wannan ya dace da abin da ka gani na rashin motsi a Network. A gaskiya akwai sakacin masu shafin a nan, domin bai kamata rajistar ɗalibi ta dogara da abin ƙirga ba, amma gyaran da ke hannunka shi ne ka rubuta chrome://extensions, ka ga abin da aka maƙala, ka cire duk wanda ba ka san shi ba, mai toshe tallar kuma ka sa shi ya ƙyale wannan shafi.

Lambar 504 ba taka ba ce. Tana nufin sabar da ke bakin ƙofa ta karɓi saƙonka ta miƙa ciki, ta jira amsa har lokaci ya ƙare. Cunkoson yamma ne ya fi kama da sanadin, lokacin da kowa ya taso daga aiki da makaranta. A nan maganar Malama take da nauyi sosai, domin 504 ba ta tabbatar da cewa ba a adana fom ɗin ba, mai yiwuwa ne an adana shi amsar ce ta makara. Ka shiga asusun yaron nan ka duba kafin ka sake aikawa. Idan za ka kai ƙorafi wurin masu kula da shafin, ka haɗa da hoton allon da lambar da lokacin da abin ya faru, wannan ya fi a ce masu shafinku ba ya aiki.

Ɗan Layout

Injiniya, na karɓi gyara a kan kashe akwatin. Tambayata ita ce, yaushe ne goge abin da burauza ta adana yake zama maganin gaske, tunda ni ya sha yi mani aiki?

Injiniya, Daura

Yana aiki ne idan masu shafi sun canja fayilolinsu, burauzarka kuma ta haɗa sabon shafi da tsohon sikirif ɗin da ta ajiye. Alamarsa ita ce abu yana aiki jiya a wannan kwamfutar, yau ya daina, a wata kwamfutar kuma da ba ta taɓa buɗe shafin ba yana tafiya. Ko a nan ma ka fara da Ctrl da F5, wanda ya shafi shafin da kake kai kaɗai, kafin ka goge na kowa da kowa.

Mai Kafe, Ƙofar Ƙaura

Na gode maku duka, Allah ya ƙara ilimi. A ta biyun na iske manhajoji biyar a maƙale, uku daga ciki ko yaron bai san lokacin da suka shiga ba, na cire huɗu na bar mai toshe tallar bayan na sa ya ƙyale shafin makarantar, yau kuma mun aika fom goma sha ɗaya a kanta. Chrome ɗin tsohuwar ta ƙi sabuntuwa, sai na sauke Firefox 115 ESR, jerin ƙananan hukumomi ya fito tun daga Bakori har Zango, maɓallin ma ya yi aiki, sai dai tana da nauyi. Fom ɗin yaron da ya ba da 504 na iske an adana shi, har da lambar rajista, ban sake aikawa ba. Da yamma har yanzu ana fama, don haka na ce wa masu zuwa daga nesa su riƙa sammako. Mahaifin yarinyar Mani ya bar lambarsa, na kira shi, ya ce za su shigo ranar Asabar da safe, bayananta kuma suna nan a Notepad kamar yadda Malama ta ce.